Masu karatu sun gano sirrin labarina tun a fej na 5, ya zan yi?

"Assalamu alaikum Malama, ina wuni, ya ɗalibai. Ni ɗaliba ce a unguwar Mabera cikin Sakkwato nike, ina rubuta wani labari ina sakewa a gurup ɗinmu na WhatsApp, yawancin masu karantawa 'yan mata ne 'yan sakandare. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 16 wadda ba ta san cewa waɗanda sunka rene ta ba su sunka haife ta ba, niyyata sai a ƙarshe za a gane ɗiyar wani babban mai kuɗi ce anka musanya a asibiti. To tun a fej na 5 sai ga kwament ta ko'ina wai ai mun gane ba ɗiyarsu ba ce. Wallahi duk jikina ya yi sanyi. Don Allah Malama ya ake ɓoye asalin mutum a labari har ƙarshe ba a gano ba? Kuma irin wanga labari ya dace da yara masu waɗannan shekaru?"

Wa'alaikumussalam ɗiyata, lafiya lau, ɗalibai suna nan muna ta fama. In na fahimce ki da kyau abu biyu kike tambaya, yadda za ki riƙe sirrin asalin yarinyar nan kada masu karatu su riga ki, da kuma ko ya kamata a ba 'yan shekara 14 zuwa 17 labarin da ke taɓa nasaba. Na daɗe ina koyar da Hausa a makarantar 'yan mata, kuma ina duba wa masu rubutu aikinsu kafin su saki, saboda haka wagga damuwa taki ba baƙuwa ba ce gare ni. Abin da nike gani shi ne ba ɓoyewar ce ta gagare ki ba, sirri guda ɗaya tak kinka ɗora wa labarin gaba ɗaya, kuma shi ne sirrin da ya fi kowanne saurin ganuwa. In yaro ya gano shi ba sauran abin da zai dawo da shi gobe. Gyaran kuma ba ƙara rufewa ba ne, ki ba mutanen cikin labarin dalili na gaske da zai sa su yi shiru, sai shirun ya zama shi ne abin da ake bi.

Abin da ya sa sunka riga ki

Yaran nan ba yau sunka fara ba. Tun suna ƙanana ake musu tatsuniyar dodon da ya ari kayan jiki ya zo neman aure da siffar kyakkyawan saurayi, sun ji labarin baƙon da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura gari ya waye ana cigiyar ko wane ne, sun tashi da finafinan Kano da na Indiya masu fassara, ga littattafan soyayya da ake bugawa a Kano tun shekarun 1980, yanzu kuma ga Wattpad ga gurup-gurup ba iyaka. Musanyar jarirai a asibiti kuwa sun gan ta har ta ishe su. Ban karanta fejojin naki ba, bayaninki kawai gare ni, amma ina iya cankar abin da ya faru, kin nuna yarinya kyakkyawa mai hankali a gidan talakawa, ba ta kama da kowa a gidan, uwar tana tsangwamarta ba gaira ba dalili, ƙila ma kin leƙa wani katafaren gida kin nuna Hajiya tana kuka cikin dare. Da an haɗa waɗannan ko 'yar aji ɗaya ta gama lissafi.

Kuma ki bambance abu biyu da marubutanmu ke yawan cakuɗawa, mamaki daban, zullumi daban. Mamaki shi ne mai karatu ya kai ƙarshe ya ce kai ashe haka ne, wannan na minti ɗaya ne. Zullumi shi ne ya san akwai abin da ke tafe, ya san zai yi ɓarna, amma bai san yaushe ba ko ta ina, kuma yana son yarinyar har ba ya son abin ya same ta. Shi ke hana yarinya ajiye waya har caji ya ƙare. Masu karatunki da sunka gane ba ɗiyarsu ba ce, yanzu sun fi ita yarinyar sani, to wannan ai kin samu ƙofar zullumi ke nan a kyauta, saura ki san abin da za ki yi da ita.

A garin nan ba a ɓoye haihuwa

Nan ne nike son ki tsaya ki yi tunani sosai don nan ne labaran da ake kwaikwayowa daga waje ke karyewa. A ƙasar da maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba ana iya kawo jariri gida ba wanda ya sani. Amma ki ɗauki cikin gari, wajen Ƙofar Rini ko Ƙofar Marke ko kewayen Hubbare, mace ta yi ciki mata sun gani tun yana wata uku, ta haihu ungozoma ta sani, an shigo barka, rana ta bakwai an yi zanen suna an yanka rago, wanzami ya yi aski, ga wankan jego har kwana arba'in ana dafa ruwa kowa na ganin hayaƙi. Ba yadda za a yi wadda ba ta yi ciki ba ta wayi gari da goyo unguwa ba ta ɗauka ba. Ma'ana a wurinmu in an ɓoye wa yaro asalinsa to ba wai ba a sani ba ne, manya sun sani, shi kaɗai ne bai sani ba. Ni wannan ya fi ba ni tsoro a kan kowace musanya ta asibiti, yarinya ta gane cewa kakarta da innarta da tsohuwar da take gaisarwa kullum a hanyar Islamiyya duk sun san abin da ba ta sani ba game da kanta, shekara 16 suna kallonta suna murmushi.

To don mi sunka yi shiru? Wannan ita ce tambayar da za ta riƙe miki labarin. Wani kawaici ne, wani alƙawari ya ɗauka wa mamaci, wata tsoron gori take kada a ɓata wa yarinya aure, wani kuma gado yake karewa, shirun na amfanarsa. Kowa da nasa dalilin, kuma dalilan ba su jituwa, shi ya sa wata rana dole ɗaya ya fasa.

Bari in gina miki misali don ki ga abin da nike nufi, ba don ki ɗauka yadda yake ba. A al'adarmu akwai giɓi ɗaya da mace ke barin idon unguwar mijinta, shi ne goyon ciki, ta tafi gidansu ta haihu ta yi wanka sannan ta dawo. A ce matar wani ɗan kasuwar albasa mai yawan tafiya kudu ta tafi ƙauyensu wajen Wurno, ta haifi ɗiya mace, anka yi suna, mijin ya koma kan kasuwancinsa. Bayan sati biyu jaririyar ta koma. Ita kuwa ba wannan ne na farko da ta rasa ba, har dangin miji sun fara kiranta mai wabi ana zancen ƙarin aure. A gidan kuma ga ƙanwarta da tsohon ciki, mijinta ya rasu tun cikin yana ƙarami, danginsa na jiran a yaye su karɓe abin da anka haifa. Ƙanwar ta haihu cikin azumi, ita ma mace. Sai tsohuwar, uwarsu, ta yanke shawara cikin dare, aka wayi gari ana cewa ɗiyar ƙaramar ce ba ta zo da rai ba. Kin ga ita ma musanya ce, amma ba kuskuren ma'aikaciyar asibiti ba ce da ba wanda ya san ta, mutane uku ne masu ƙaunar juna sunka aikata da saninsu, kuma za su kwana su tashi da abin har tsufa. Ungozoma ta sani. Wanzamin da anka sake kira a ɓoye don ya aske jaririyar da ya san ya riga ya aske shi ma ya sani, ko da bai taɓa buɗe baki ba.

Ba goyon ciki kaɗai ba, akwai wasu hanyoyin da yaro ke rabuwa da asalinsa a ƙasar nan da gaske. Ambaliyar watan Satumba na 2010 da ta cinye garuruwa a bakin gulbin Rima har ta yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta tarwatsa gidaje da yawa. Ga mutanen gabas, Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, da matsalar tsaro ta kora, wasu sun shigo birni wasu sun tsallaka Nijar. Ga iyakar Illela da Ƙonni da dangi ɗaya ke zaune gefe biyu. Ga almajirin da anka kawo yana ƙarami malaminsa ya rasu. Sai dai in za ki taɓa zancen gudun hijira ki taɓa shi da mutunci, don cikin masu karanta ki akwai waɗanda abin ya ci gidansu.

Alamun da za ki shuka

Alama mai kyau ita ce wadda ke gaban ido amma tana da wata fassara ta yau da kullum da za ta kwantar da hankalin mai karatu. In ba ta da fassara ta biyu ta yi ƙara da yawa, in ba a nuna ta sam ba kuma kin cuci mai karatu. Wani marubucin Ingila, Ronald Knox, ya tsara wasu ƙa'idoji 10 na labarin bincike a 1929, kuma har yau akwai guda uku da nike riƙe da su, mai laifin ya zama wanda anka ambata tun farkon labari, kada a warware matsala da abin da ya shafi aljanu ko tsafi, kuma kada a fito da ɗan tagwaye kwatsam ba a shirya mai karatu ba. Ta tsakiyar nan ita ke yawan kama marubutanmu, an rasa mafita sai a kawo mafarki ko boka ya duba ƙasa ya faɗi komai. Ni dai a irin wanga labari ban yarda da shi ba, yarinyar ce ya kamata ta gano da idonta da kunnenta da kaifin hankalinta, don abin da 'yan matan ke nema ke nan, su ga irinsu ta iya.

Alamar da ta fi burge ni a misalin nan ita ce alkunya. Kin san a gidajen da ke riƙe da al'ada, balle nan da jinin Fulani ya yi yawa, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, wata ko kallon kirki ba ta yi masa. To ki sa matar da yarinyar ke kira Mama tana ƙwala mata kira da sunanta gatsau ba ko nauyin baki, alhali ita ce babba a ɗakin. Ita kuwa Inna ƙarama, ƙanwar Mama, ba ta taɓa furta sunan ba. Ranar biki yarinyar ta kawo mata ruwa a kofi ta durƙusa, Inna ta kawar da kai ta ce wa wata yarinya ke karɓi ki aje can, da za ta aike ta sai ta ce ku ce wa waccan ta miƙo min mayafina. Yarinyar ta koma bayan ɗaki tana share hawaye tana cewa ni mi na yi wa Inna ta tsane ni. Da sunka dawo gida ta buɗe jakarta sai ga ƙullin kilishi da 'yan kunne da ba ta san wanda ya sa ba. Mai karatu zai ɗauka ƙiyayya ce, ƙila ma ya sa Inna cikin waɗanda yake zargi da mugunta, sai ranar da gaskiya ta fito ya koma baya ya ga ashe tun fej na 2 uwa ce ke jin kunyar 'yar farinta. Wannan ba ki aro shi ko'ina ba, namu ne, kuma duk wadda ta tashi a gidan Hausa za ta ji shi har ƙashinta.

Sai laƙabi. Sunayenmu na gida suna ɗauke da tarihin haihuwa, Gambo mai bin tagwaye, Kande macen da ta biyo maza, Tanko namijin da ya biyo mata, ga sunayen rana su Ladi da Laraba da Jummai. A ce kaka in ta manta kanta takan kira yarinyar Azumi. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, to garin haɗa takardu yarinyar ta riƙe takardar haihuwarta ta ga farkon Agusta 2009, ta juya kwanan watan a waya don wasa sai ta ga Sha'aban ne, azumin shekarar sai wajen ƙarshen Agusta ya kama. Ta tambaya, Mama ta ce ke dai kin cika tsirfa, takardun nan wa ke rubuta su daidai. Kuma gaskiya ne ana yawan rubuta su ba daidai ba, shi ya sa mai karatu zai iya yarda ya wuce.

Gwajin jini ma haka. A jinotayif, wato gwajin sikila, uba AA uwa AA ba su haifar AS, kuma wanda rukunin jininsa O ne a ƙa'ida ba ya haifar AB. Yarinyar da ke ajin kimiyya ta koyi wannan a darasin bayoloji, ranar da anka yi musu gwajin jinotayif a makaranta ta dawo da AS, Baba ya yi dariya ya ce kuskuren lab ne ai mu duk AA ne, Mama kuwa ludayin miya ya suɓuce daga hannunta. Lab na kuskure, saboda haka ƙofar musu a buɗe take. Gwajin DNA kuwa ki bar shi can nesa, 'yar shekara 16 ba ta da kuɗinsa ba ta da hanyarsa, kuma da kin kawo shi labari ya mutu a layi ɗaya.

Ki tuna kuma ita ba 'yar sanda ba ce. Duniyarta makaranta ce da Islamiyya da aike zuwa Tsohuwar Kasuwa da hutu a gidan kaka da gidan biki, in za ta hau kabu-kabu zuwa wani wuri sai ta san abin da za ta ce a gida. Wannan takurar ba cikas ba ce, ita ke sa kowane ɗan motsi ya yi nauyi. Tsohon katin rigakafi a ƙasan adaka, hoton suna da jaririyar ciki ke da wani tabo da ita ba ta da shi, maganar mata a madafa ranar biki da ke yankewa da ta shigo, ko daren Afrilu da zafi ya kori kowa zuwa tsakar gida an ɗauke wuta manya sun zaci ta yi barci. Nan ne bincikenta yake.

Abin da zai sa lokaci ya ƙure

Sirri in ba abin da ke matsa shi zai iya kwanciya shekara 50, to dole ki sa ranar da ba ta ɗaguwa, rana ba ta ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. A wurinmu abu biyu ke tilasta a faɗi nasaba ko ana so ko ba a so, aure da gado. A misalinmu a ce Baba ya rasu a farkon labari, Mama ta shiga takaba wata 4 da kwana 10, dangi sun ce da ta fita za a raba gado. Yarinyar ta sha nonon Mama, saboda haka ɗiyarta ce ta shayarwa, shi ma marigayin ubanta ne ta shayarwa, ƙannenta muharramanta ne, amma shayarwa ba ta sa a ci gado. Mama na zaune kan tabarmar takaba da carbi a hannu tana sane cewa in ta yi shiru za a ba yarinyar haƙƙin wasu, in ta yi magana ta rusa ɗiyar da ta fi so ta kuma tona wa uwarta da ƙanwarta asiri. Kowane fej kwana na raguwa. Kin ga ko masu karatu sun san komai ba za su iya tafiya ba.

Ta ɓangaren aure kuma akwai zancen waliyyi, da zancen wanda anka sha nono ɗaya da shi ba a sani ba. Sai dai ni malamar Hausa ce ba ta fiƙihu ba, abin da na faɗa shi ne sanannen da kowa ya karanta a Islamiyya, in kin zo kan rabon gado dalla-dalla ko wa ya cancanci ɗaura aure ki kai wa malami ya duba miki kafin ki saki, don yaran nan suna ɗaukar abin da sunka karanta a labari a matsayin hukunci.

Yadda nike sa masu rubutu su shirya

Kafin a rubuta fej na 1 nakan ce a rubuta min gaskiyar abin da ya faru tun daga farko a takarda daban, ba ado, wa ya yi mi, yaushe, a ina. Sannan wata takardar mai sunan kowa, mi ya sani, tun yaushe, mi zai rasa in an ji. Da yawa a nan suke gane cewa rabin mutanensu ba su da dalilin yin shiru, kawai marubuciyar ce ta toshe musu baki. Daga nan sai a rarraba alamun, kuma a riƙa biyan mai karatu a hanya, duk bayan 'yan fejoji a amsa masa wata ƙaramar tambaya amsar kuma ta haifo wadda ta fi ta. Ta gano ba Mama ta haife ta ba, to wa? Ta zargi wata, ashe ba ita ba. Ta gano Inna ce, to Baba ya sani kafin ya rasu? Wa ke aiko wa wanzami da buhun gero duk kaka?

A kulob ɗin karatu na makarantarmu nakan karanta wa 'yan mata babi in tsaya, in ce kowa ta rubuta a 'yar takarda wa take zargi da dalilinta, ba shawara da ta kusa. In duk aji sun faɗi abu ɗaya alamar ta yi ƙara. In ba ko ɗaya da ta kusanto to an ɓoye fiye da kima, ƙarshen zai zo musu kamar an yaudare su. Abin da nike so shi ne kaɗan su canka, sauran su rabu gida biyu suna gardama har a hanyar komawa ɗaki. Ke ma kina iya yin haka da ƙannenki ko ƙawaye uku kafin ki yi fostin.

Abu ɗaya da nike roƙonki, kada ki canza ƙarshen labari don haushin an gano. Masu sakewa kullum-kullum a gurup suna yawan yi, an canka a kwament sai su juya akalar a tsakiya su ɗora wa wani can da bai ji ba bai gani ba, sai duk alamun baya su tashi a banza. Wadda ta canka daidai ba abokiyar gabarki ba ce, ita ce ta fi kowa natsuwa a karatun, kuma daɗi take ji in ta ga ta yi daidai.

Akwai kuma wasu fuskokin ɓoye asali in wannan ta ishe ki. Wadda ita jarumar ce ke ɓoyewa, misali ta koma sabuwar makarantar kwana da wani suna saboda abin kunyar da mahaifinta ya jawo, a nan mai karatu na tare da ita yana tsoron ranar da wata 'yar garinsu za ta shigo. Ko wanda wani na kusa ne ba shi ba ne, sabon malami ko ɗan haya ko mai gadi. Ko na waya, akawun ɗin Facebook ko TikTok da ke turo mata saƙo ya san abin da ba wanda ya kamata ya sani. Na ƙarshen nan ya fi kusa da rayuwarsu ta yau, in za ki rubuta shi ki nuna yadda irin mutanen nan ke jan yarinya a hankali, kuma ki sa a samu babba guda ɗaya da ta iya faɗa wa.

Ko ya dace da su

Ya dace ƙwarai. Shekarun nan su ne lokacin da yaro ke tambayar kansa ni wane ne, ko wanda ke gaban uwarsa da ubansa yana yi. Amma ki sa a ranki cewa a gurup ɗin nan akwai 'yar riƙo, akwai marainiya, akwai agola, akwai wadda ake yi wa gori a gida, kuma ba za su faɗa miki ba. Shi ya sa ƙarshen da kinka shirya bai kwanta min ba. In sakamakon gano asali shi ne a ɗauke ta a mota a kai ta gidan mai kuɗi, waɗanda sunka ci wahalarta shekara 16 su zama abin jefarwa, to kin gaya wa yarinyar da ke hannun goggonta cewa mutuncinta na can wani wuri sai an zo an ɗauke ta. Mafi yawan masu riƙo a garin nan mutanen kirki ne da sunka raba ɗan abin da ke gare su. Addini ma abin da ya ce a Suratul Ahzab aya ta 5 shi ne a kira su da sunan ubanninsu, kan haka Zaidu ya koma ɗan Harisa bayan an daɗe ana jingina shi ga Manzon Allah (SAW), amma ba a ce a yanke ƙauna ko riƙo ba, falalar mai kula da maraya kuwa kin san ta. Labarinki na iya riƙe duka biyun, haƙƙinta ne ta san ko ita ɗiyar wa ce, kuma Mama na nan Mamarta.

Ki kiyayi jefa kalmar shege ko shegiya don ƙara armashi, da bayanin abin da bai kamaci shekarunsu ba, tsoro da tausayi sun isa su riƙe su. Abin da na faɗa duka daga zama da 'yan mata na samo shi, in akwai samari a masu karatunki za ki ga sun fi son a yi ta motsi da bin sawu, sai ki auna.

Yanzu tunda an riga an saki fej 5, kada ki goge. A fej na 6 ko na 7 ki bar yarinyar da kanta ta ji wani abu da zai tabbatar mata da zargin masu karatu, ki ba su wannan su ji daɗi, sannan a layin ƙarshe ki nuna cewa wani da take ganin ba ruwansa a gidan ya daɗe da sani. Ki zauna daren nan ki rubuta takardun nan biyu da na ce, in kin gama ki turo min tare da fejojin in duba miki. Ki gaida mutanen gida.